Farar Shadda da Leshi a Ƙarƙashin Fitila Ɗaya: Nazarin Hasken Wata Liyafar Aure a Kano

Aikin da zan yi bayani a kansa liyafar dare ce ta wani aure da aka yi a Kano cikin watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama kuma bukukuwa suka yi yawa har mai hoto yakan rasa ranar hutu. Dangin amarya ne suka ɗauke ni aiki, kuma yarjejeniyarmu ta ƙunshi kamu, da liyafar dare wadda yanzu kowa ke kira dina, da buɗar kai washegari. Kamu bai ba ni wata wahala ba, domin da rana aka yi shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Dinar ce ta tilasta mini in sauke fitila daga kan kyamara in kafa ta a wani wuri dabam, kuma a kanta zan tsaya.

Na je na duba zauren tun ana gobe biki, bayan sallar la'asar, kuma kallo ɗaya na yi wa rufinsa na san cewa dabarar da na saba ba za ta yi aiki ba. Abin da akasarinmu muke yi a wurin biki shi ne mu ɗora ƙaramar fitilar walƙiya, wadda muke kira filash, a kan kyamara, mu ɗaga kanta sama domin haske ya bugi silin ya dawo a baje, ya sauka a kan fuskoki cikin laushi. Wannan yana yiwuwa ne idan silin fari ne kuma bai yi nisa ba, kamar na falon gida. Rufin wannan zaure kuwa ya kai kimanin mita 7, masu ado kuma sun riga sun lulluɓe shi da baƙin yadi domin su rataya ƙananan fitilu masu kama da taurari, sannan bangon duka an rufe shi da labule ja mai duhu. Duk hasken da aka jefa sama baƙin yadin zai shanye shi, wanda aka jefa gefe kuma zai dawo da ja a jikinsa ya rina fuskar mutane. Saura hanya ɗaya ke nan ga mai ƙaramar fitila, wato ya nufi mutane da ita kai tsaye, kuma duk wanda ya taɓa buɗe albam ɗin biki ya san sakamakon haka: goshi yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, hanci ya baje, baƙar inuwa ta manne a bayan kai, abin da ke bayan mutane kuma ya zama duhu kamar a cikin rijiya.

Dalilin wannan ƙyalli ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne tushen duk shawarar da na yanke daga baya. Fata tana mayar da haske ta hanya biyu. Akwai wanda yake shiga cikinta ya fito a warwatse ɗauke da launinta, akwai kuma wanda yake tsalle daga samanta kamar yadda yake yi a kan madubi, musamman inda akwai maiƙo ko zufa. A fata mai duhu kashi na farko ba shi da yawa, saboda haka kashi na biyu ne yake fitowa fili, shi ne kuma yake zana siffar fuska. Idan fitilar ƙarama ce kuma tana zaune daidai saman idon kyamara, abin da fata za ta nuna shi ne ɗigo fari mai zafi a goshi da kan hanci da kumatu. Idan kuwa fitilar tana da faɗi kuma ta zo daga gefe, sai wannan ƙyalli ya bazu ya zama sheƙi mai taushi wanda yake bin zagayen kunci. Akwai kuma matsalar kwalliya: wasu nau'o'in hodar da ake ɗorawa a ƙarshe suna ɗauke da sinadarin silika, wanda ido ba ya gani a ɗaki amma filash na kai tsaye yake fito da shi fari fat a ƙarƙashin idanu, sai amarya ta fito kamar an watsa mata gari. Mai kwalliya ce ake zagi a irin wannan hali, alhali rabin laifin na mai hoto ne.

Kayan da na ɗauko su ne babbar fitilar situdiyo ƙirar Godox AD600Pro, da ƙaramar 'yar'uwarta AD200, da na'urar da ke kunna su daga kan kyamara ta hanyar rediyo, wadda muke kira tiriga, sai akwatin tausasa haske mai kusurwa 8 da faɗin santimita 120. Shekarun baya ba a cika kai irin wannan fitila wurin biki ba sai da dogon waya, domin akasarinsu da wutar bango suke aiki, kuma a garin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareto sau biyu ko uku a dare ɗaya, wannan kasada ce ga fitilar da ma aikin baki ɗaya. Abin ya sauya ne bayan da kamfanin Profoto na ƙasar Suwidin ya fitar da B1 a 2013, fitila mai ƙarfin situdiyo wadda batirinta ke jikinta, daga baya kuma kamfanin Godox na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya kawo irinta a farashin da mai hoton biki a nan zai iya tarawa ya saya. Ana auna ƙarfin waɗannan fitilu da ma'aunin wat-sakan. Babbar tana da 600, ƙaramar 200, filash ɗin da ake ɗorawa a kan kyamara kuwa bai cika wuce 70 ko kusa da haka ba. A sana'armu duk lokacin da haske ya ninka ko ya ragu da rabi mukan ce mataki ɗaya ne, don haka tsakanin filash na kan kyamara da babbar fitilar akwai tazarar mataki 3.

Mutane da yawa suna zaton ana sayen babbar fitila ne domin hoto ya ƙara haske. Ni abin da na saya da wannan ƙarfi a daren nan shi ne nisa, kuma gwajin da muka yi kafin baƙi su iso shi ya nuna haka. An gaya mini cewa ango zai sa farar shadda mai aiki, amarya kuma leshi mai ruwan zinare da duwatsu masu ƙyalli, ita kuma ta fi shi duhun fata. Sai na zaunar da mataimakina a kujerar ango sanye da farin kaftani, na roƙi wani daga cikin masu jera kujeru ya zauna a wurin amarya, na kafa fitilar a gefen ango, mita 1.5 daga gare shi, kamar yadda nake yi a situdiyo idan mutum ɗaya zan ɗauka. Hoton farko ya fito da kaftanin ya ƙone fari babu ko alamar zare a jikinsa, wanda ke ɗaya kujerar kuma yana cikin duhu. Lissafin ba mai wuya ba ne. Haske yana raguwa ne gwargwadon ninkin nisa a kan kansa, wato idan nisa ya ninka sau 2, abin da zai iso kashi ɗaya ne cikin 4. Mai farin kaya yana mita 1.5, na biyu yana kusan mita 2.2, saboda haka na kusa yana samun haske fiye da ninki biyu na wanda na nesa ke samu, ga shi kuma shi ne mai kayan da suka fi mayar da haske. Da na ja fitilar baya zuwa mita 4, tazarar da ke tsakanin kujerun ba ta sauya ba, amma bambancin hasken ya sauko ƙasa da rabin mataki. Sannan na mayar da ita gefen amarya gaba ɗaya, domin wannan ɗan rinjaye da ya rage ya faɗa a kan wadda ta fi bukatarsa, farar shaddar kuma ta samu ragowar.

Kuɗin da aka biya a kan wannan gyara shi ne ƙarfi. Daga mita 1.5 zuwa mita 4 hasken ya ragu kusan sau 7, wato dab da mataki 3, daidai tazarar da ke tsakanin ƙaramin filash da babbar fitila. Da ƙaramin ne a cikin akwatin, da sai na buɗe shi iya ƙarfinsa, in jira daƙiƙa biyu ko uku bayan kowane hoto kafin ya sake cika, ya kuma yi zafi ya tsaya tun ba a yanka kek ba. Akwai kuma asara ta biyu wadda ba ta da magani: akwatin santimita 120 da ke mita 4 ya zama ƙarami a idon wanda ake ɗauka, don haka inuwar ta fi kaifi a kan yadda take a situdiyo. Na yarda da wannan, domin inuwa mai ɗan kaifi a ƙarƙashin haɓa ta fi mini sauƙi a kan babbar rigar da aka kashe wata guda ana yi mata aiki ta fito kamar farar takarda.

Na ɗaga fitilar ta kai kusan mita 2.5, na karkata ta ƙasa, tana kusurwar digiri 45 daga inda zan tsaya. Ban wuce wannan tsayi ba saboda gwaggwaron amarya, wanda idan haske ya zo daga can sama sosai yakan jefa inuwa a goshi har ta rufe idanu. Ƙafafun sandar kuma na danne su da buhunan yashi guda biyu, domin fitilar da batirinta sun kai kilo 3, kuma a wurin biki yara ba sa kallon gabansu.

Matsala ta gaba ba daga kayana ta fito ba. Da aka kunna fitilun ado da magariba, sai ga wasu guda biyu masu launin shunayya an saita su daidai kan kujerar ango da amarya. A ido abin yana da kyau, a kyamara kuwa fuska takan koma kamar ta mai ciwo, kuma irin wannan launi ba ya gyaruwa a kwamfuta, domin fitilar ba ta fitar da sauran launukan da fata ke bukata tun farko. A nan ne amfanin raba haske gida biyu ya bayyana. Walƙiyar fitila takan ƙare cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa idan an rage ƙarfinta, saboda haka saurin labulen kyamara, wato murfin cikinta da ke buɗewa ya rufe domin haske ya shiga, bai shafe ta ba muddin ba a wuce iyakar da kyamarar ke iya haɗuwa da filash ba, wadda a tawa 1/200 na daƙiƙa ce. Labulen yana hukunci ne a kan hasken zaure kaɗai, buɗin lens kuwa, wato girman ƙofar idon kyamara da ake rubutawa da harafin f, da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, suna shafar duka biyun. Da na sa 1/200 da f/5.6 da ISO 200, fitilar kuma a kan 1/8 na ƙarfinta, shunayyar ta ɓace daga fuskoki, amma ta tafi da zauren gaba ɗaya: taurarin rufi, da furanni, da duk abin da iyayen amarya suka biya masu ado dominsa, suka nutse cikin duhu. Hoton da ba ya nuna wurin da aka yi biki bai cika hoton biki ba, ko da fuskokin sun yi kyau.

Maganin bai zo ta hanyar na'ura ba. Na sami shugaban masu adon na nuna masa hotuna biyu a bayan kyamara, na ce, “Malam, don Allah ka taimaka ka juya mini waɗannan biyun su kalli labulen baya, adonka zai fi fitowa a hoto.” Ya ɗan yi jim, ya ce tsarin da aka biya shi ya yi ke nan, amma da ya ga yadda furanninsa suka fito a gwaji na uku sai ya sa yaronsa ya hau tsani. Daga nan na sauko da saurin labulen kyamara zuwa 1/100, na ɗaga ISO zuwa 400, na rage fitilar zuwa 1/16. Na zaɓi 1/100 ne da gangan, domin wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100, don haka wannan sauri yakan kama zagaye cikakke ya rage bambancin haske daga hoto zuwa hoto. A kan 1/16 fitilar tana cika nan take, batirin da aka ƙiyasta zai ba da walƙiya 360 a cikakken ƙarfi kuma ya kai ni ƙarshen dare da saura. Hotunan rukuni, inda ƙawayen amarya masu anko suke jeruwa sahu biyu, na ɗauke su a f/8 domin na baya su fito sarai, fitilar kuma na mayar da ita 1/8.

Duk wannan shiri an yi shi ne a zaure babu kowa. Da mutane suka cika, sai ya zamana teburin iyaye mata yana daidai bayan sandar fitilar. Ba a jima da shigowar ango da amarya ba wata gwaggon amarya ta yafito ni ta ce, “Ɗan nan, wannan laimar taka ta tare mana amarya, ko mu ba kallo muka zo yi ba?” Na rusuna na ce, “Ki yi haƙuri Hajiya, yanzu za a gusar da ita.” Gaskiyarta ce, kuma babu hoton da ya kai a ɓata wa uwa rai a bikin 'yarta. Muka matsar da sandar jikin wani ginshiƙi, sai kusurwar ta buɗe ta kai wajen digiri 60, inuwa ta yi nauyi a ɗaya gefen fuskar ango. AD200 ɗin da na yi niyyar ajiyewa a baya domin ta zana gefen kawunansu da haske, dole ta dawo gaba kusa da ni da ƙarfi kaɗan domin ta cike wannan inuwa. Na rasa adon da na so, na tsira da fuskar ango.

Kuskuren da ya fi ci mini rai nawa ne ni kaɗai. Ana cikin gaisawa da abokan ango, sai na ga wasu hotuna sun fito daidai, wasu kuma sun ƙone ƙurmus, alhali ban taɓa komai ba. Na zargi batir, na zargi tiriga, har na fara tunanin fitilar ta lalace. Can sai na lura tana walƙiya a lokacin da hannuna ba ya kan kyamara. Ashe dangin ango sun zo da nasu mai hoton, shi ma kayan Godox ne a hannunsa, kuma mu biyun mun bar na'urorinmu a tasha ta 1 kamar yadda suka fito daga kwali. Duk lokacin da ya danna, tirigarsa tana aika wa fitilata umarnin ƙarfin da ya saita wa tasa. Na je na same shi na ce, “Abokin aiki, a wace tasha kake?” Ya duba, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na'urar tana da tasha 32, sannan akwai lambar shaida daga 01 zuwa 99 wadda idan an sa ta babu tirigar da za ta taɓa fitilar sai mai wannan lamba. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba, amma kafin in gano shi hotuna fiye da 20 sun tafi, a cikinsu har da na wani kawun ango da ya taso daga nesa kuma bai zauna har ƙarshe ba. Na ceto wasu a kwamfuta saboda ɗanyen fayil nake ɗauka, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba, amma inda farar shadda ta ƙone babu abin da ya rage da za a dawo da shi.

Mai ɗaukar bidiyo ma ya zo da nasa ƙorafin, kuma yana da hujja. Kyamarorin yanzu suna karanta hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, don haka walƙiya takan kama rabin hoton bidiyo ta bar rabi, sai farin zane ya gilma a fuskar allo. Muka yi sulhu a kan cewa ba zan kunna fitila ba lokacin addu'a da jawabin waliyyi, zan ɗaga ISO in yi da hasken fitilarsa, a wurin yanka kek kuma zai fara ɗaukar nasa sannan in nemi su ɗan tsaya mini.

Lokacin rawa da liƙi babbar fitilar ta kusa zama marar amfani, domin mutane sun yi da'ira sun kewaye ango da amarya, bayansu kawai take haskawa. Sai mataimakina ya cire AD200 ya ɗaura ta a kan sanda da ƙaramin akwati, ya ɗaga ta sama da kawunan mutane, yana bin gefena duk inda na juya, kusan mita 2 daga wanda nake nufi. Babbar kuma na bar ta tana bugowa daga nesa, ta zama hasken baya wanda ke raba mutane da duhu, wato aikin da na so ƙaramar ta yi tun farko. Gajeriyar walƙiyar ta tsayar da motsi cak, mayafi a iska, takardun kuɗi ba su kai ƙasa ba, hasken zaure kuma ya bar ɗan zanen motsi a gefen hannuwa wanda ke nuna ana rawa. Waɗannan su ne hotunan da suka fi rai a daren, kodayake uban amarya ya ce kada a sa su a intanet, kuma na fahimce shi, tunda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira a wurin biki. Sau ɗaya a cikin turmutsutsun yatsana ya goge maɓalli labule ya koma 1/320, hotuna uku suka fito da baƙin zane a gindinsu, domin a wannan sauri labule na biyu yakan fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, walƙiyar kuma ba ta samun faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara a buɗe gaba ɗaya.

Da na zauna tantancewa, aikin da aka yi wa babbar rigar ya fito zare-zare a kusan duk hotunan dandamali, duwatsun leshin suna sheƙi ba tare da sun ƙone ba, fatar amarya kuma ta fito da launinta na gaskiya ba tare da na haskaka ta a kwamfuta ba, abin da ni ba na yi ko an roƙe ni. Aibin da ya rage shi ne tabarau ɗin ango, wanda ban san zai sa ba: duk lokacin da ya juya wajen amarya, siffar akwatin mai kusurwa 8 takan bayyana a gilashinsa na hagu, kuma sai da na bi hotuna 14 ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Da na ɗaga fitilar da ɗan taƙi ɗaya ko biyu, da hoton akwatin ya faɗi ƙasa da inda kyamara take gani, amma da inuwar gwaggwaro ta sauko kan idon amarya, don haka ko da na lura a lokacin, da gilashin zan bari.

Washegari aka yi buɗar kai a falon gidan ango, ɗaki mai farin silin da bai kai mita 3 ba, cike da mata har bakin ƙofa, babu inda za a kafa sanda. Babbar fitilar da buhunan yashinta suka kwana a bayan mota, mataimakina ya tsaya a lungu riƙe da AD200 ba tare da akwati ba, ya nufi kusurwar da bango ya haɗu da silin, muka ɗauki taron duka a kan 1/16.